Akwatin Maman Kenechi

Ranar Lahadi ce, an taso daga sujada, ina tsakar gidan mahaifiyata a Kagoro ina wanke acca, sai na ji babur ya tsaya a bakin shingen ƙerana. Kenechi ne, ɗan farin ƙawata Chinelo, rigarsa sharkaf da ruwan sama. Ko gaisuwa bai yi ba, ya durƙusa a gabana ya ce Mama ta tafi da safen nan.

Ban tambaye shi me ya faru ba, don na san ciwon. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "A ina?"

Ya ce a gida, a kan gadonta.

Na ajiye ƙwaryar na ce na gode wa Ubangiji, na sake cewa. Matan gidan suka dube ni kamar wadda ta zautu. Kukan ya zo daga baya, ya kuma daɗe bai tafi ba, amma abin da ya fara sauka a zuciyata sanyi ne, irin na wanda ya sauke dakon da ya daɗe a kansa. Wanda bai san Chinelo da akwatinta ba ba zai gane ba, shi ya sa nake so in ba da labarinta.

A Kafanchan aka haife ta, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa. Iyayenta Ibo ne, babanta mai zuba gawayi a injin jirgi. Ta tashi tana wasa da 'ya'yan kowa, Hausa a bakinta kamar tamu. Tana 'yar budurwa, a ƙarshen daminar 1966, aka yi wa mutanen Gabas abin da aka yi musu a garuruwan Arewa, suka fita da kayan jikinsu kawai. Taragon da suka samu na kaya ne, babu rufi. Mahaifiyarta ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ruwa kuma ya yi ta dukansu a hanya, babu bargo, babu ko busasshen ƙyalle da za a rufa mata. Kafin su kai inda za su, ta rasu a cinyar Chinelo. A wata ƙaramar tasha aka sauke ta aka binne, jirgi ya ci gaba. Har Chinelo ta bar duniya ba ta san sunan tashar ba.

Daga nan ta ɗauki abu biyu ta riƙe. Na farko, ta gaskata cewa da akwai busasshen zani guda ɗaya, da uwarta ta rayu. Na biyu, tsoron mutuwa a hanya. Ba mutuwar take tsoro ba, ta sha gaya mini, wannan kowa zai yi. Hanyar take tsoro: a sauke mutum a inda babu wanda ya san sunansa.

Bayan yaƙi ta auri Fabian, shi ma ma'aikacin jirgi, mai ɗaga tuta, mutum marar yawan magana. Aiki ya dawo da su Kafanchan, ta kama rumfa a kasuwa tana sayar da manja da agushi da busasshen kifi da gishiri. Ni kuma rumfata ta tumatir da barkono tana jingine da tata. Haka muka haɗu, ranar da akuya ta ci mini alayyafo, Chinelo kuma ta bi ta da muciya har layin mahauta tana yi mata wa'azi. Ita Katolika ce, ni 'yar Zumuntar Mata ta wata ikilisiya dabam, kowace tana ganin ɗayar ta ɗan kauce hanya, amma abinci a kwano ɗaya muke ci.

Sai da muka shekara kafin ta nuna mini akwatin. Fantimoti ne mai ruwan ƙasa, kusurwoyinsa na ƙarfe, yana zaune a ƙarƙashin gadonta cike da kayan tafiyar mutum huɗu: ita, da Fabian, da Kenechi, da ƙanwarsa Zikora. Fabian yana kiransa fasinjan da bai taɓa shiga jirgi ba. Ba ta sa masa kwaɗo, don a cewarta ranar gudu makulli ne ke fara ɓata. Da tsohon zani take ɗaure shi, wanda in an kwance zai zama gammo.

Kuma ba shiryawa ɗaya take yi ta manta ba. Duk sanda yanayi ya juya sai ta zazzage shi ta sake. Ba ta duba kalanda, rumfarta ce ke gaya mata. In manja ya fara daskarewa a kwalba da safe, sanyi ya iso, ranar Asabar za ta sa bargo da suwaita da safa da man shafawa don kada leɓen yara ya fashe. In manjan ya koma ruwa tun kafin hantsi, bazara ce, sai ta fitar da masu nauyi ta sa zannuwa marasa kauri da gorar ruwa da mafici. In gishiri ya fara jiƙa a buhu yana kama hannu, damina ta zo. Wannan shirin ne ya fi ɗaukar mata lokaci. Kowane zani sai ta naɗe shi kamar tabarma ta sa a ledarsa, ashana a cikin kwalba mai murfi, takalman roba a gefe, maganin zazzaɓi a sama inda hannu zai fara kaiwa. Garin rogo da ƙuliƙuli kuwa kowane lokaci suna nan, sai dai ta canza su kafin su tsufa, yara su cinye tsofaffin. Da haka take gane girman 'ya'yanta: ta ɗaga rigar da ta sa wa Zikora da bazara, ta ga da damina ba za ta shige ta ba, ta yi murmushi ta nemo wata.

Ni ce mai riƙe mata bakin zani a irin waɗannan Asabar ɗin. Nakan shigo in ce, "Amarya, yau ma kayan aure ake shiryawa? Wane ne angon?"

Ta ce, "Kakanki ne na kan dutse. Zo ki kama nan, sarkin surutu."

Muna dariya, amma ina kallon hannunta. In ta zo kan busasshen zanin da take sawa can ƙasa cikin leda biyu, sai ta yi shiru, ni ma in yi.

A watan Maris na 1987 gari ya rikice. Ba zan ba da labarin wannan ba, waɗanda suka gani sun sani. Fabian yana bakin aiki a wata tasha can gaba. Da na ga an rufe kasuwa hayaƙi na tashi, ban nufi gidana ba, tasha na nufa, don na san inda zan same ta. Tana nan kuwa, akwati a ka, Zikora a hannu, Kenechi na biye da ita, idonta a kan layin da ya yi kudu. Babu jirgi, babu wanda ya san yaushe zai zo. Na kira sunanta ba ta ji ba sai da na kama kafaɗarta. Fuskar da ta juyo mini da ita ba ta matar da ta bi akuya da muciya ba ce, ta 'yar budurwar nan ce ta cikin tarago.

Na ce mata ba za ta kwana a tasha da yara ba, ta zo mu je Kagoro gidan mahaifiyata. Ta ce ita Gabas za ta, kayan Gabas ta shirya. Na ce Kagoro ma gabas take da nan, ta taho. Wani mai a-kori-kura ɗan ikilisiyarmu ya ɗauke mu.

Abin da ya faru a can shi ne abin da muka yi ta dariyarsa shekaru, ko da yake ranar babu wanda ya yi dariya sai tsohuwa mahaifiyata. Satin da ya wuce ne Chinelo ta yi shirin bazara. Ta fitar da bargo, ta fitar da suwaita, don tunaninta duk yana kan zafin cikin jirgi da zafin ƙasarsu. Kagoro kuwa a gindin dutse take, dutsen nan yana da nasa hali. Washegari da la'asar hadari ya taso daga bayansa, ruwan fari ya sauko da iska mai sanyi, tun ba a sa ran shi ba. Zikora, wadda tun a mota take cewa kanta na ciwo, ta fara rawar ɗari, jikinta kamar garwashi.

Chinelo ta jawo akwatin ta kwance. Zannuwa shara-shara, gorar ruwa, mafici. Ta tona har ƙasa, ta sake tonawa, ta zauna a ƙasa dirshan ta ɗora hannu a ka. Shekara da shekaru tana shiri domin rana ɗaya, ranar ta zo, ga ruwa, ga mai zazzaɓi, ga ta kuma babu bargo. Ta ce mini a hankali abin ya sake dawowa.

Mahaifiyata ba ta san labarin tarago ba. Ta leƙo ɗakin ta ga yarinya na karkarwa, ta shiga nata ta fito da gwado da tsohon bargon marigayi babana, ta lulluɓe ta. Ta kawo kasko da gawayi, ta duba hagu da dama, ta ga mafici a bakin akwati, ta ɗauka ta hura wutar da shi. Tana fifita tana dariya, wai ba ta taɓa ganin wanda ya zo Kagoro gudun hijira da mafici ba, amma ga shi ya yi rana. Ta dama kunun acca mai zafi, aka ba yarinyar da maganin da ke saman akwatin, wanda shi kam yana nan inda ya kamata. Sannan ta dubi Chinelo ta ce, "'Yata, akwati bai san inda za ki kwana ba. Mutane ne suka sani."

Da safe Zikora ta tashi tana neman mangwaro. Fabian ya iso bayan kwana biyu, a ƙafa, ya same su suna ɓare gyaɗa. Da ƙura ta lafa suka koma gida, ta buɗe rumfarta, na buɗe tawa.

Na ɗauka daga nan za ta daina. Ba ta daina ba, mutum ba ya sauke abin da ya ɗauka tun ƙuruciya a rana ɗaya. Sai dai shirin ya canza. Yanzu ko da bazara akwai suwaita. A gefe kuma sai na fara ganin ƙullin busasshen kifi da kwalbar manja, na tambaye ta ko a jirgi za ta yi miya. Ta ce na tsohuwa ne, ai ba a zuwa gidan uwa hannu rabbana. A nan na gane fasinjan ya canza tasha. Kuma da yake kifi ba ya jiran rikici, duk sauyin yanayi sai mu hau mota mu kai wa tsohuwa nata, mu wuni, mu dawo da acca. Da aka sake shiga zaman ɗarɗar a 1992, Chinelo ta jawo akwatin har bakin ƙofa, ta zauna a kansa tana tsinke ganyen miya. Da yamma ta mayar da shi.

Sukan je Gabas wasu shekarun da Kirsimeti, da wata jaka dabam, don fantimoti ba ya zuwa biki. Takan dawo ta ce mini can ma baƙuwa ce, 'yar Arewa suke kiranta, suna dariyar yadda take neman tuwo da safe.

A 1997 Zikora ta samu gurbi a makarantar koyon jinya a Jos. Yarinyar tana ta maganar sabon akwati irin na ƙawayenta. Ranar Asabar na shigo na tarar Chinelo ta zazzage fantimoti a kan gado, alhali manja bai daskare ba, gishiri bai jiƙa ba. Ta goge shi da mai har kusurwoyin suna ƙyalli. Ranar ta yi shirin da ban taɓa ganin irinsa ba, duk yanayin shekara a akwati ɗaya: bargo da safa a ƙasa saboda sanyin Jos, ledoji da laima a tsakiya, zannuwa marasa nauyi a sama. Zikora tana tura baki tana cewa za a yi mata dariya, uwar tana cewa in sanyin Disamba ya kama masu dariyar za su zo aron safa. Busasshen zanin nan mai leda biyu shi ma ta sa, ba ta yi shiru ba wannan karon, waƙar coci take yi ƙasa-ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki, ta aiki Kenechi ya sayo kwaɗo. Ta rataya wa Zikora makullin a wuya.

Da muka dawo daga tashar mota na tambaye ta yaushe za ta sayi wani. Ta ce sai ta gani. Bayan sati na leƙa ƙarƙashin gadon, doya na gani a jere. Na fita ban ce mata na gani ba, na je bayan gida na share hawaye.

Ciwon ya fara ne da bazarar da ta biyo. Numfashi ya yi mata wuya, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce zuciya ce. Kafin damina ta yi nisa ta daina zuwa kasuwa, ni nake buɗe rumfuna biyu. Wan Fabian ya zo daga ƙauyensu ya ce al'adarsu ba ta yarda a zuba ido matar gida ta ƙare a ƙasar wasu ba, a kai ta gida tun da ranta, ta ga dangi su gan ta. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya gada yake faɗa. Fabian kuwa ba ya musu da wansa. Aka yi magana da mai mota, aka sa ranar Asabar. Tafiyar wuni guda ce cur, a tsakiyar watan Agusta, ga ruwa ga ramuka, ga mai ciwon da daga gado zuwa ƙofa sai ta huta.

Ana cikin haka aka aiko daga Kagoro cewa tsohuwa ta faɗi ta bugu a ƙugu, in zo. Ranar Juma'a na je na ga Chinelo, na wuce. Asabar ɗin nan ban san me na ci ba. Ruwa ya kwana yana zuba ya wuni, ni kuma ina gasa wa tsohuwa ƙugu, zuciyata na bin mota: yanzu sun kai Akwanga, yanzu sun wuce Lafiya, yanzu suna kan gadar Makurɗi. Addu'ata ɗaya ce, ban roƙi ta warke ba don na ga idon likita, na roƙa kada a sauke ta a hanya.

Kenechi ne ya ba ni sauran labarin, muna zaune a kan turmi. Ya ce motar ta zo da sassafe. Mama ta sa aka tashe ta zaune, ta kira mijinta da wansa, ta gaishe su da ladabi, ta ce a bayan wancan layin gidajen aka binne cibiyarta, a gindin mangwaron da har yau yake nan, saboda haka in gida ake so a kai ta, an riga an kawo ta. Wan ya fara magana. Babansu Fabian, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsayar da jirgi da tuta, ya ɗaga hannu ɗaya kawai, ya fita cikin ruwa ya sallami mai motar. Ranar ta sha kunu, ta sa aka buɗe mata taga. Zikora ta iso daga Jos da yamma. Da safiyar Lahadi Fada, limamin cocinsu, ya zo ya yi mata addu'a, ruwa na sauka a kan kwano, ita tana cikin bargo, ƙafafunta a cinyar 'yarta. Haka ta tafi, ruwa bai taɓa ta ba, cikin ɗumi, kowa a ɗakin ya san sunanta.

Daga baya sun kai ta ƙauyen mijinta kamar yadda al'adarsu take, na kuma bi su, ni na naɗe zannuwan da aka tafi da su, kowane a ledarsa. Wannan tafiyar ba ta dame ni ba, don ita da kanta ta gaya mini ba ta dame ta ba.

A ranar Juma'ar nan da na je ganinta kafin in tafi Kagoro ne ta gaya mini. Fabian ya tare ni a ƙofa ya roƙe ni in shirya mata kaya kafin in wuce, wai ni kaɗai na san yadda take so. Na shiga da babbar jakata a hannu. Tana kwance an tokare ta da matasai, ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce in ajiye wannan abin a waje kada ya sha mata iska. Na zauna a bakin gadon na ce mata gobe fa motar za ta zo. Ta ce ta ji, mota ai tana da baya, yadda ta zo haka za ta koma. In ta gama, su ɗauka su kai inda suke so, gawa ba ta jin sanyi. Na fara kuka, ta ce in bari kada in jiƙa mata bargo, da ƙyar aka shanya shi. Ta tambayi ƙugun tsohuwa, ta nuna mini ƙullin kifi a kan tebur ta ce in kai mata, in kuma gaya mata mai mafici tana gaisuwa.

Na tashi na ɗauki ƙullin. A bakin ƙofa na juyo, don ban yarda za ta iya da mijinta da wansa ba.

Na ce, "Maman Kenechi, in na dawo zan same ki?"

Ta ce, "Ki zo mini da sabuwar acca, ba tsohuwar da kike ɓoyewa ba."

Na ce, "Tambayarki nake yi, Chinelo."

Ta yi dariya har tari ya kama ta, ta nuna ƙarƙashin gadon da yatsa.

Ta ce, "Afiniki, ina za ni? Ba ni da akwati."